Ajiyar Kawu Inusah

Babana, Malam Habibou, yana da shago a unguwar Stapleton ta birnin New York, taku kaɗan daga titin Bay Street. Shinkafa yake sayarwa, da manja, da daddawa, da busasshen kifi, da katin kiran waya, mu kuma muna zaune a saman shagon. Amma ba kayan miya ne suka sa mutanenmu suka san shi ba. Ɗakin ƙasan shagon ne, inda ake ajiya. Duk wanda zai tafi gida na wata uku ko shida ya saki ɗakin hayarsa, to akwatinsa wurin Baba yake zama. 'Yan Nijar irinmu suna kawowa, 'yan zangon Kumasi da na Nima na ƙasar Gana suna kawowa, har masu tebur a titin 125 na Harlem sukan shigo feri, jirgin ruwan da ke tsallako da mutane tsibirinmu, da jakunkunansu. Baba zai rubuta sunan mutum a takarda ya manna, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Shi ke nan. Ba ya tambayar abin da ke ciki.

Na taɓa tambayarsa dalili, ya dube ni kamar na yi ashar a masallaci. Ya ce mahaifinsa a Maraɗi ya riƙe wa wani Buzu buhu shekara bakwai, har mai shi ya dawo ya ɗauka, shi mai riƙon bai san ko gishiri ne ko zinariya ba. In ka tambayi mutum me ke cikin kayansa, in ji Baba, ka gaya masa ba ka yarda da shi ba ke nan, to me ya kawo shi ƙofarka?

Kawu Inusah ba ɗan'uwanmu ba ne na jini. Ɗan zangon Kumasi ne, direban tirela, yana zaune a jihar Pennsylvania. Shi da Baba sun yi shekara huɗu a ɗaki ɗaya a Bronx kafin a kawo mu ni da Inna, lokacin da Baba ke tallan agogo a bakin titi. Shi ya fara kai ni laburare ina shekara goma, ban iya komai ba sai Hausa da Faransancin makaranta, kuma tun ranar yake kirana Farfesa. A watan Satumba na 2012 aka bugo masa cewa mahaifiyarsa ba ta da lafiya. Ya saki ɗakinsa, ya zuba komai nasa a wani babban akwatin katako mai shuɗin fenti, ya tuƙo shi har ƙofar shagonmu, washegari ya hau jirgi.

A ƙarshen Oktoba guguwar Sandy ta zo, ruwan teku ya shiga ɗakin ƙasa har gwiwa. Baba ya kwaso ajiyar mutane zuwa falonmu, muka zauna da akwatuna goma sha ɗaya, sai an karkace ake wucewa kicin. Sannu a hankali masu kaya ko danginsu suka zo suka ɗauke. Na Kawu Inusah kaɗai ya rage, domin ya wuce da mahaifiyarsa ƙauyensu can wajen Salaga, inda waya ba ta kamawa sai an hau tudu. Akwatin ya soma wari. Inna ta ce a buɗe a shanya kayan, Baba ya ce ba a buɗe ajiya. A kan wannan suka yi ta ja har aka shiga sabuwar shekara.

Ba wanda ya buɗe shi, gara in faɗi wannan tun yanzu. Wata Asabar ce a ƙarshen Janairu, da hantsi. Ina zaune a tebur da ɗan littafin tambayoyi ɗari da ake yi wa mai neman zama ɗan ƙasa, domin an ba Baba ranar ganawarsa, sha biyu ga Maris, ni ce kuma mai yi masa bita. Shi da Inna suka kama akwatin za su matsar da shi kusa da hita mai ɗumama ɗaki, sai gindinsa da ya ruɓe ya zazzage. Riguna suka zubo, da bargo mai funfuna, da takalman aiki. A kansu wani ƙaramin akwatin roba baƙi ya faɗo da nauyi, an rufe shi da ɗan kwaɗo. Sai wani kwali da ya jiƙe ya yage, wasu abubuwa masu launin tagulla suka gangara ƙarƙashin kujera. Akwai kuma takardu a cikin leda.

Baba ya ɗauki ledar ya miƙo mini, ya ce, "A'i, duba muna mi aka rubuta."

Na karanta sau biyu kafin in buɗe baki. Rasit ne daga wani kantin Pennsylvania, da sunan Kawu Inusah, da lamba mai tsawo, da wata 'yar takarda da ke cewa gidan harsashin yana ɗaukar goma sha biyar.

"Bindiga ce, Baba."

Inna ta zauna a hannun kujera. Hita na ta ƙwanƙwasa kamar yadda take yi. Baba ya durƙusa ya tattara harsasan ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su a gwangwanin madara.

Na fi su sanin abin da ke ƙasan falonmu, wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Mako biyu kafin nan jihar New York ta yi sabuwar dokar bindiga mai tsanani, bayan yaran da aka harbe a wata makarantar Connecticut a watan Disamba. Kullum a shagon Baba ana gardama a kai, masu tasi suna cewa an yi daidai, wasu suna cewa ɓarayi ba ruwansu da doka. Ni kuwa na karanta duk abin da jaridu suka rubuta a laburaren St. George, don haka nake, in abu ya ba ni tsoro sai na karanta shi har ƙarshe. Na san takardar Pennsylvania ba ta aiki a nan. Na san riƙe ƙaramar bindiga a birnin nan ba lasisi babban laifi ne, kuma ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba, bayan kurkuku ana iya sa shi a jirgi. Na kuma san a ganawar Maris za a sa Baba ya ɗaga hannu ya rantse, sannan a tambaye shi ko ya taɓa aikata laifin da ba a kama shi ba. Baba ba ya ƙarya ko a kan farashin albasa, balle bayan rantsuwa.

Na yi musu bayani da Hausar da ta yi ta kuɓuce mini. Inna ta ce abin mai sauƙi ne. A naɗe ta a tsohon zane, a shiga feri, in an kai tsakiyar ruwa a sake ta. Na ce akwai 'yan sanda da karnuka a tashar, ta ce karnukan ba su taɓa shinshinar jakarta ba. Baba ya ce ko babu kare ko ɗaya ba zai jefa kayan mutum a teku ba. Na ce na ji ana iya miƙa bindiga ga 'yan sanda ba tare da an tambayi suna ba, amma narkar da ita ake yi.

"In sun narka ta," in ji Baba, "mi zan ce ma mai ita ran da ya zo?"

Inna ta ce ya gaya masa yana da mata da 'ya. Baba ya naɗe akwatin robar a zane, ya ɗora a saman kwaba, ya sauka shago domin ana buga ƙofa.

Kwana biyu ban iya cin abinci sosai ba. Duk motar 'yan sanda da ta wuce Bay Street sai in leƙa taga, a makaranta ma malamar lissafi ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Ranar Litinin daga aji na wuce laburare. Na tsaya gaban teburin ma'aikaciyar na kasa faɗin abin da nake nema, na ce aikin makaranta ne, Allah ya yafe mini. Ta nuna mini littattafan dokokin laifi na jihar. Na yi awa biyu ina bin layuka da yatsa, rabinsu ban fahimta ba, har na kai wani sakin layi da ke magana a kan wanda ya miƙa makami da kansa. Na kwafe shi a bayan littafin tarihina, da wani da ke cewa ana riƙe abin da aka miƙa har shekara guda. Amma ban yarda da karatuna ba. Shekarata goma sha shida, kuma na sha fahimtar abu a baibai.

Inna tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, tana da abokiyar aiki 'yar Gana wadda 'yarta lauya ce, sunanta Adisa, ofishinta na nan St. George kusa da kotu. Baba ya ƙi zuwa, ya ce ba zai kai zancen kayan wani gaban baƙuwa ba, don haka ni da Inna muka je. Anti Adisa tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, sai Inna ta yi magana, ita ta amsa, ni in fassara amsar. Ta duba abin da na kwafo, ta ce na karanta daidai. Ta ce kada mu buɗe akwatin, kada mu fita da shi ko ƙofar gida, feri kuwa kada ma a sake ambatarsa. Ita za ta kira 'yan sanda ta shirya yadda za a miƙa. Za su riƙe bindigar, kuma kafin shekara ta cika mai kantin bindiga mai lasisi zai iya karɓa ya aika wa wani kantin a Pennsylvania, mai ita ya je can ya ɗauka. Gidan harsashin nan mai ɗaukar goma sha biyar da wuya ya dawo, domin sabuwar dokar ta hana irinsa. Ta ce ba ta yi mana alkawarin komai ba, amma wanda bai san abin da ke cikin akwati ba daban yake da wanda ya sani ya ci gaba da ɓoyewa, kuma tun ranar Asabar Baba ya sani. Kowace rana da ta wuce tana ƙara masa nauyi.

Na ɗauka Baba zai yi murna. Ya saurara har ƙarshe, ya ce madalla, hanya ce mai kyau, amma ba shi ke da ikon binta ba. Ajiya ba ta fita hannun mai riƙo sai da bakin mai ita. Inna ta ajiye ludayin da ke hannunta da ƙarfi ta shige ɗaki.

Sai da aka kira ƙanwar Kawu Inusah a Kumasi, ita ta sami mai babur da zai kai saƙo ƙauye. Ranar Lahadi bayan azahar, can yamma ta yi, wayar Baba ta yi ƙara. Ya sa ta yadda kowa zai ji, ya ajiye a tebur tsakaninmu uku.

"Bafaranshe," in ji Kawu Inusah, haka yake tsokanar Baba, "an ce kana nemana kamar na sace maka ragon layya."

Suka gaisa gaisuwa mai tsawo. Jikin tsohuwa da sauƙi, ta fara cin tuwo. Aka tambayi sanyi, aka tambayi ruwan da ya shiga shago, aka tambayi karatuna. Ina ta murza gefen mayafina har Baba ya zo kan zancen. Ya gaya masa yadda gindin akwati ya zazzage, ya rantse masa ba wanda ya buɗe, sannan ya faɗi abin da aka gani.

Kawu Inusah bai ji kunya ba ko kaɗan, da farko dai. Ya ce ai takardunta na nan a leda, halal ɗinsa ce, sai da aka binciki sunansa kafin a sayar masa. Ya ba da labarin da ban taɓa ji ba, cewa a 2009 a wani wurin hutun direbobi a Ohio wani ya ɗora masa bakin bindiga a wuya ya kwashe komai, ya yi wata uku in ya ji an taɓa ƙofar mota sai ya jiƙe da gumi. Tun da ya sayi tasa bai taɓa harba ta ba sai a wurin koyo. Yana magana muryarsa na hawa.

"Yaya Habibou, na ɗaga hannu na zama ɗan ƙasan nan. Littafin da Farfesa ke koya maka, ni ma shi na haddace, a ciki an ce ina da right, ina da haƙƙi, in riƙe makami. To na tsallaka gada ɗaya, sai in koma ɗan fashi? Ƙasa ɗaya ce ko biyu? Ni ban gane ba kuraa, ko kaɗan."

Na sunkuyar da kai, domin gaskiya ne, yana cikin littafin. Ranar Juma'ar da ta wuce ma na yi wa Baba tambayar.

Inna ta matso kusa da wayar. Ta tambaye shi yaran da aka kashe a makaranta fa. Ya ce Allah ya ji ƙansu, amma ba shi ya kashe su ba, kuma doka irin wannan mai bin doka take kamawa, ɗan daba ba ya bin layin neman lasisi. Inna ta ce tsohuwar da take kula da ita tana da hoton jikanta a kan talabijin, an harbe shi yana jiran bas, shekararsa goma sha tara, kuma an ce bindigar ba a nan aka saye ta ba.

"Daga wata jiha ta zo, Inusah, a bayan mota. Kamar taka."

Ana jin kukan akuya daga can, da iska tana bugun wayar. Da Kawu ya sake magana muryarsa ta sauka, amma bai janye ba. Ya ce in aka kai wa 'yan sanda ba zai sake ganinta ba, ya san halinsu. A bari kawai zuwa Afrilu, zai dawo ya zo da kansa ya ɗauke, ba wanda zai ji. Wa zai hau saman kwabar Malam Habibou ya duba?

Baba ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya yi magana a hankali, irin yadda yake gaya wa mai saye cewa kaya sun ƙare.

"To, na ji. Kayanka ne, zan riƙe. Ranar da suka ba ni sha biyu ga Maris ce, zan sa A'i ta rubuta masu ba ni zuwa, don ba ni rantsuwa da abin ga bisa kaina. In kuma wani ya zo ya same ta kafin ka iso, aka tambaye ni ta wa ce, ba ni cewa tawa ce, ba ni kuma kiran sunanka. Shiru zan yi."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Shekara goma sha tara Baba ya yi a ƙasar nan kafin ya kai ga wannan ranar.

Ni ba na magana in manya suna magana. Ko a aji in an kira sunana sai kunnuwana su yi zafi. Amma na ji bakina ya ce, "Kawu," kuma da ya fita babu halin mayar da shi. Na jawo littafin tarihina na buɗe bayansa. Na karanta masa sakin layin da Turanci, ina sauri har na tsallake layi ɗaya na koma. Na gaya masa abin da Anti Adisa ta ce, shekara guda, da mai kanti mai lasisi, da yadda za ta koma Pennsylvania inda takardarsa ke aiki. Ban ɓoye masa zancen gidan harsashin ba. Na ce ta kuma ce ya kira ta kafin ya dawo, don shi ma akwai abin da za ta gaya masa a kan shigo da ita da ya yi.

Ya yi mini tambayoyi kamar alƙali. Wa ya ce ba za su narka ta ba? A wane shafi? Za a ba da takarda mai lambar bindigar? Lauyar 'yar gidan wa ce a Nima? Na amsa waɗanda na sani, waɗanda ban sani ba na ce ban sani ba.

"To ke Farfesa," ya ce, "ke da kika karanta duka. Dokar nan daidai ce?"

"Ban sani ba, Kawu. Wani wurin ina ganin kana da gaskiya, wani wurin Inna. Amma kai kana Salaga. Baba ne a nan."

Ban san ko rashin kunya na yi ba. Na dubi Baba, yana kallon tebur. Na zaci layin ya yanke, na ɗaga wayar na duba, daƙiƙoƙi na tafiya.

"Yaya," in ji Kawu Inusah daga ƙarshe, "ba mantawa na yi ba. Na san tana ciki. Babu inda zan bar ta, jirgi kuma da safe ne. Na kawo maka ne don na san ba za ka tambaya ba." Ya ja numfashi. "Wannan ban kyauta ba. Ka kai musu."

Baba ya ce ya faɗa sosai, ga shaidu biyu suna ji. Kawu Inusah ya yi 'yar dariya mara daɗi, ya ce Bafaranshe da son ƙa'ida. Sannan ya kira sunansa da na mahaifinsa, ya ce ya sauke wa Habibou wannan ajiya, ya yarda a miƙa ta ta hannun lauya, duk abin da ya biyo baya ba laifin mai riƙo ba ne. Baba ya ce ya karɓa. Kafin a kashe waya Kawu ya ƙara da cewa har gobe dokar nan zalunci ce paa, zalunci ƙwarai, kada wani ya ɗauka ya canza ra'ayi. Inna ta ce ya gaida tsohuwa.

Ranar Laraba da ƙarfe goma na safe Anti Adisa ta zo, bayanta 'yan sanda biyu. Ban je makaranta ba. Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya sauko da ƙunshin da kansa ya ajiye a tebur, da gwangwanin madara a gefe, ya ja da baya. Ya ce in tambaye su ko za su sha shayi. Suka ce a'a sun gode. Ɗayan yana mura, yana ta jan hanci yana riƙe da takarda. Ɗayan ya yanke kwaɗon, ya juya mana baya ya duba, ya ce babu harsashi a ciki. A lokacin na fara ganinta, ƙarama ce fiye da yadda na zata, har da ɗan tsatsa a gefe. Suka yi tambayoyi, Anti Adisa ta amsa yawancinsu, ta nuna musu hoton akwatin da ya ruɓe da alamar ruwa a bangon ɗakin ƙasa. Idona na kan ankwar da ke ƙugun mai murar. Sai ya kai hannu wajen ƙugun.

Biro ya ciro. Ya sa hannu, ya yage kwafi ɗaya ya miƙa wa Baba, ya ce ya adana. Suka sauka da akwatin, muka ji ƙofar mota, muka ji sun tafi. Baba yana tsaye a tsakiyar falo da takarda a hannu. Inna ta ce alhamdu lillahi sau uku, sannan ta ce wa zai kwashe mata wannan ruɓaɓɓen katako daga falo. Kafin la'asar duk Stapleton ta ji an ga 'yan sanda a gidan Malam Habibou, mutane suka yi ta shigowa sayen magi ƙwaya ɗaya suna leƙe. Baba ya sayar wa kowa.

Ranar sha biyu ga Maris muka shiga feri na safe, ni da shi da Anti Adisa. Ni a waje aka bar ni, a kan kujerar roba, da littafin da ban iya karanta ko shafi ɗaya ba. Minti arba'in suka yi. Da suka fito Baba ya ce tambaya shida aka yi masa ya ci duka, kuma da aka zo kan tambayar laifi ya ba jami'ar da ke yi masa tambayoyin labarin tun daga ruwan Sandy, ta karɓi takardar 'yan sanda ta yi kwafi, ta ce za a duba, ya jira wasiƙa. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Kawu Inusah ya dawo a Afrilu, ya rame, ya kawo wa Inna man kaɗanya da yaji. Wurin Anti Adisa ya fara zuwa kafin gidanmu. Maganar mayar da bindigarsa Pennsylvania ta ɗauki takardu da yawo fiye da yadda kowa ya zata, sai cikin Yuli ta isa, gidan harsashin kuwa bai dawo ba, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi a bencin shago sai ya ji wannan labarin.

Yana shagon ranar da wasiƙar ta zo, mako na biyu a watan Mayu. Inna ce ta karɓa daga mai kawo wasiƙu. Ba ta jira ni ba, ta farke ta a tsaye a bakin kanta, ta bi ta da ido har ta ga kwanan wata da adireshin kotu a Brooklyn inda ake rantsar da sababbin 'yan ƙasa. Ta miƙa wa Baba, ta juya tana gyara gwangwanayen tumatir da ba su karkace ba. Baba ya lissafa da yatsu, ya ce ranar Alhamis ce, ranar da ake kawo shinkafa, wa zai tsare shago? Kawu Inusah ya ce shi zai tsare, mu tafi mu uku. Inna ta ce ta yarda, in dai zai sayar wa mutane daddawa ya bar su su tafi, ba ya tsare su da laccar tsarin mulki ba.